Yadda ake yini guda a Al'ula da Mada'in Salihu daga Madina

Wanda ya taɓa yin Umara ya san yadda kwanakin Madina suke. An shiga Rauda, an je Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini, an zaga kasuwar dabino an sayi tsaraba, sai a duba a ga saura kwana uku ko huɗu kafin jirgi. Idan ka samu kanka a wannan hali, kana da lafiya da ɗan abin hannu, akwai wata tafiya ta yini guda da nake ba mutane shawarar su yi, wato zuwa kwarin Al'ula da ke arewa maso yammacin Madina, inda Hijir take, wurin da muka fi sani da Mada'in Salihu. Tafiya ce mai nisa, sama da kilomita 300 zuwa kawai, kuma ba ta yafe wa wanda ya fito ba shiri. Ga yadda ake tsara ta.

Kafin ka taka ƙafa

Fara da niyya, don wannan ba gidan zoo ba ne. Hijir ƙasar Samudawa ce, mutanen Annabi Salihu (AS), waɗanda suka soke taguwa aka halaka su da tsawa, kuma akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai wannan suna. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa da Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin a hanyarsa ta zuwa Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga mazaunin waɗanda suka zalunci kansu sai dai suna masu kuka, don kada abin da ya same su ya same su su ma. Ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya fita daga kwarin. Ruwan da aka ɗiba daga rijiyoyin wurin ya sa aka zubar, garin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma, ya ce a sha daga rijiyar da taguwar take sha. Saboda wannan hadisi malamai sun yi magana mai tsawo a kan ziyarar wurin. Wasu ba sa son a je sam, wasu sun ce babu laifi idan don wa'aztuwa ne ba don shaƙatawa ba. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi tun kana gida. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tsallake Hijir, sauran wuraren da zan ambata sun isa su cika maka yini.

Sai biza. Mai bizar Umara ko ta yawon buɗe ido yana da damar zuwa sauran garuruwan Saudiyya. Mai bizar aikin Hajji ba shi da wannan dama, don haka kada wani direba ya ruɗe ka. Ƙa'idoji suna sauyawa, ka tabbatar a wurin wakilin da ya yi maka takardu kafin ka biya kowa ko sisi.

Lokacin zuwa shi ne daga Oktoba zuwa Maris. A bazarar can zafi yana wuce digiri 40, kuma dutsen yashi yana mayar da zafin kamar tanda. A hunturu kuwa rana tana da daɗi, amma da ta faɗi sai sanyi ya sauko, irin wanda ya fi na Jos cizo.

Yanzu ga abin da ya fi yi wa mutanenmu cikas: tikiti. Ba a shiga Hijir da motar gida, ba a kuma shiga yadda aka ga dama. Hukumar da ke kula da Al'ula, wadda aka kafa a 2017, ita ke shirya zagayen da manyan motocinta, kowace tawaga da sa'arta, kuma ana yankar tikiti ta intanet a shafin Experience AlUla. Zuwana na farko ban san haka ba. Mun iso da hantsi, mu biyar har da wata gwaggona mai ciwon gwiwa, aka ce gurbi ya cika sai na yamma. Muka yini muna jira, Hijir kaɗai muka gani, muka koma Madina tsakar dare. Don haka ka yanki tikiti biyu kwana biyu ko uku kafin ranar: na Hijir wajen ƙarfe goma da rabi ko sha ɗaya na safe, na Dadan da Dutsen Ikma, wasu wuraren tarihi biyu kusa da garin, wajen biyu da rabi ko uku na rana. Ka karanta saƙon da za su aiko maka da kyau, a ciki ne ake faɗin inda motar za ta tashi. Galibi daga wata babbar farfajiya ce a arewacin garin da ake kira Winter Park, inda ake ajiye motoci.

Mota kuwa, ku haɗu ku huɗu zuwa shida ku yi shatar guda mai lasisin ɗaukar fasinja. A Madina ba a rasa direba mai jin Hausa, 'yan uwanmu sun daɗe a garin. Ku yi ciniki a kan zuwa da dawowa da jira da mai, a faɗi komai a fili, a ba da rabi a ajiye rabi. Abin da na fi dubawa ga direba ba kyan motarsa ba ne, barcinsa ne. Mutumin da zai yi tuƙin awa bakwai zuwa takwas a yini guda bai kamata ya kwana yana jigilar filin jirgi ba. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin girmamawa: "Malam, don Allah gobe da asuba za mu kama hanya, yau za ka samu ka kwanta da wuri?" Yadda zai amsa zai gaya maka abin da kake son sani.

A jaka ka sa fasfo, ruwa mai yawa, dabino da burodi, rigar sanyi, hula ko rawani, takalmi sau-ciki don yashi, batirin cajin waya, da magungunan masu ciwon suga ko hawan jini. Ana karɓar kati kusan ko'ina, amma ka riƙe 'yan riyal a aljihu.

Hanya

Ka yi sallar Asuba a Masallacin Annabi, mota tana jiranka a ƙofar masauki. Ƙarfe shida da kwata ku kasance kun bar gari. Tafiyar tana cin awa uku da rabi zuwa huɗu. Titi lafiyayye ne, amma akwai kyamarorin gudu, akwai kuma dogayen tsakani da babu gidan mai, saboda haka a cika tanki tun daga Madina. Ɗaya daga cikin hanyoyin tana bi ta Haibara, inda aka yi yaƙin nan a shekara ta 7 bayan Hijira, garin da ke zaune a kan baƙin dutsen aman wuta. Zuciya za ta so a tsaya. Kada a tsaya. Haibara tana buƙatar yininta daban, idan ka haɗa su za ka rasa duka biyun.

Da kun kusa, ƙasa za ta canza kala. Baƙin dutse zai ba jan dutse wuri, sai ga tsaunuka tsaye ɗaiɗai cikin yashi kamar an dasa su, sannan kwatsam sai koren dabino ya cika kwari daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan shi ne kwarin da littattafan tarihi suke kira Wadil Ƙura. Ruwan da ke ƙarƙashinsa shi ne asalin duk abin da za ka gani yau. Fataken da ke ɗauko lubban da mur daga Yaman zuwa Sham da Masar ba su da zaɓi, dole ayari ya ya da zango inda raƙuma za su sha, wanda kuwa ya riƙe rijiya shi ke karɓar fito. Ɗan ƙasar da ta san madugu da zango da ayarin gishirin Bilma ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ku isa wurin tashin motar da aƙalla minti ashirin a hannu. A kama ruwa, a yi alwala, a ci ɗan abin da aka zo da shi a nan. Ni ba na ci ba na sha don nishaɗi a cikin Hijir, ba na kuma yin salla a can, ina bari sai na dawo gari.

Hijir

Wurin yana da nisan kusan kilomita 22 arewa da garin Al'ula, zagayen kuma yana ɗaukar awa biyu zuwa uku. A kowace tasha akwai mai bayani da suke kira rawi, yawanci samari da 'yan matan yankin ne, suna magana da Larabci da Turanci. Idan a cikinku akwai mai Larabci, ku sa shi kusa da rawin ya riƙa fassara wa dattawa.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka sauka, don kada ka koma gida da labarin da ba daidai ba. Manyan fuskokin nan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, masu ƙofofi da ginshiƙai, waɗanda ake yaɗa hotunansu ana cewa gidajen Samudawa ne, masu binciken tarihi sun karanta rubutun da ke saman ƙofofinsu, sun tarar kaburbura ne na wata al'umma da ake kira Nabatawa, waɗanda suka zo bayan Samudawa da dogon zamani. Su ne suka gina Petra a ƙasar Jodan ta yau, Hijir kuma ita ce babban birninsu na kudu. Yawancin kaburburan an sassaƙa su ne a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS), kafin Rumawa su haɗiye daular a shekara ta 106 miladiyya. Manyan kaburbura 111 ne, 94 daga ciki masu ado a fuska. A 2008 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, shi ne na farko a Saudiyya. Wannan bai rage wa wurin nauyi ba ko kaɗan. Ƙasar dai ita ce, kuma al'umma bayan al'umma sun zauna a kanta sun ga ƙarfinsu, yau babu ko ɗaya.

Idan kun zo Ƙasrul Farid, kabarin Lihyan ɗan Kuza, kada ka fara da ɗaga waya. Dutse ne guda tilo a fili, an fafe fuskarsa ɗaya tsayin kusan mita 22. Fara kallo daga sama. Can ƙoli akwai matakala biyu masu hawa biyar-biyar suna fuskantar juna, ƙarƙashinsu layuka santsi kamar an goge da hannu, sai ginshiƙai huɗu, alhali sauran kaburbura biyu-biyu gare su. Yanzu sauko da idonka a hankali. Kana zuwa ƙasa aikin yana yin kaushi, har ka iso inda sawun kurfi yake ɓaro-ɓaro, sara bayan sara, ba a goge ba. Daga sama suke farawa su gangaro, kuma wannan ba a gama shi ba. An yi shekara kusan dubu biyu da ajiye guduma, amma sai ka ga kamar magina sun tafi cin abinci ne za su dawo. A nan ne na ga gwaggona, wadda tun safe take ƙorafin gwiwa, ta yi shiru tana share ido da gefen mayafi.

A Jabalul Banat kaburbura sun jeru a jikin dutse guda, da yawansu na mata ne, su suka mallaka su suka biya. Roƙi rawin ya karanta maka ɗaya daga cikin allunan da ke saman ƙofa. Za ka ji sunan mai kabari, da waɗanda aka yarda a binne a ciki, da shekarar sarautar sarkin lokacin, wani lokaci har da sunan masassaƙin, sannan tsinuwa da tara a kan duk wanda ya sayar da kabarin, ko ya jinginar, ko ya binne bare. Takardar gado ce aka rubuta a dutse. Ka dubi haruffan da kyau, za ka ga wasunsu suna yi maka kama da wani abu da ka sani. Daga rubutun Nabatawa ne rubutun Larabci ya samo asali, wanda da shi muka yi karatun allo, da shi kakanninmu suka rubuta ajami.

Ana barin mutane su leƙa cikin wasu kaburburan. Duk adon a waje yake. Ciki ɗaki ne tsirara mai sanyi, bango duk sawun sara, da ramuka dogaye a jikin bango da ƙasa inda ake shimfiɗa gawa. Wanda ya shiga ya gani da idonsa ba zai sake cewa nan falo ne ko ɗakin kwana ba. Gidajen mutanen na tubalin laka ne, suna tsakiyar fili, sun narke sun koma ƙasa, sai abin da masu tono suke fitarwa.

Tashar Jabal Islib ita ce wurin bautarsu. Akwai wani babban ɗaki da aka fafe a dutse, da dakali a gefe uku, ana kiransa Diwan, nan suke zaman shawara da liyafa. Kusa da shi akwai siririn lungu tsakanin duwatsu biyu inda iska mai sanyi ke ratsawa ko da tsakar rana, jikin bangon duk 'yan tagogi ne da suke ajiye gumakansu. Ka wuce, ka gode wa Allah da ni'imar tauhidi. A hanyar fita za ka hangi gine-ginen tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz, layin da Turkawa suka ja daga Dimashƙu ya iso nan a 1907, ya kai Madina a 1908. Ƙarshensa shi ne tashar Anbariyya da kake wucewa a Madina.

Kada ka rubuta sunanka a dutse, kada ka ɗauki ko tsakuwa, kada ka bar motarku ta tafi ba kai.

Azahar da abinci

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi kun dawo. Ku nufi masallaci a cikin gari. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru. Abinci kuma, gidajen cin abincin da ke wuraren baƙi suna da tsada sosai. Ka ce wa direba ya kai ku cikin sabon gari inda mutanen wurin suke ci, a sa muku shinkafa da kaza a faranti guda. Minti arba'in ya isa.

Dadan da Ikma

Dadan tana daf da gari, kuma ta girmi Hijir ta Nabatawa da ɗaruruwan shekaru. Nan ne babban birnin daular Dadan, daga baya ta Lihyan. Ba ta da ƙawa irin ta Hijir, shi ya sa wasu ke raina ta. Abin gani shi ne jan dutse mai tsayi da aka huda masa ramuka masu kusurwa huɗu can sama, kaburbura ne, a saman wasu an sassaƙa zakuna suna zaune suna gadi. Daga ƙasa ake kallo, don haka mai tabarau mai jawo nesa ya zo da shi. A cikin kufan akwai wani ƙaton kwano da aka fafe daga dutse guda, mutanen yankin suna kiransa wurin tatsar taguwa, masana kuma sun ce tafkin ruwa ne na gidan bauta.

Daga nan mota za ta kai ku Dutsen Ikma, wani kwazazzabo da rubutu ya cika bangonsa, kusan 300, yawancinsu da haruffan Dadan. Mutane ne suke rubuta hadayar da suka kawo, suna roƙon albarkar dabino da amfanin gona da lafiyar zuriya. UNESCO ta sa su a kundinta na adana tarihin duniya a 2023. Akwai ɗan tattaki a kan tsakuwa, dattijon da ya gaji ya zauna a inuwa ya jira. Idan lokaci ya ƙure muku har dole a yar da wani abu a yinin, wannan zangon za a yar, ba tsohon gari ba.

Tsohon gari

Nan ne Bahaushe zai ji kamar ya zo gida. Gidajen laka ne kusan 900, manne da juna, bayansu ya haɗu ya zama ganuwa, da ƙofofin da ake buɗewa da safe a rufe da dare. Lunguna ƙunci, da yawa an rufe samansu da kututturen dabino an gina ɗaki a kai, kana tafiya daga inuwa zuwa haske zuwa inuwa. Ƙasan gida na ajiya ne da dabbobi, sama na kwana. Ka ɗora tafin hannu a bango, za ka ji ramno a cikin lakar, irin wanda magina suke kwaɓawa a Kano da Zariya da Agadas. Ayarin alhazan Sham ya yi ƙarnoni yana ya da zango a nan, Ibn Baɗɗuɗa ma ya biyo ta garin a 1326. Mutane ba su gama tashi daga ciki ba sai a shekarun 1980, don haka dattijon da za ka gani yana shan shayi a bakin kasuwa wataƙila a ɗaya daga cikin ɗakunan nan aka yanke masa cibiya. Ka yi masa sallama.

Abu uku za ka nema. Na farko Ɗanɗora, wani ɗan gini mai tsini da ake auna inuwarsa a san shigowar hunturu da lokacin rabon ruwan gonaki. Na biyu Masallacin Izam, wanda mutanen garin suke cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla a wurin a tafiyar Tabuka, ya sa alamar alƙibla da ƙasusuwa. Na uku ganuwar da ke kan dutse a tsakiyar gari, mai sunan Musa ɗan Nusairu, kwamandan da aka buɗe Magrib da Andalus a ƙarƙashinsa. Matakalar tana da yawa, amma mai ƙafa ya hau. Daga sama za ka ga rufin gidajen kamar saƙar zuma, bayansu dabino har iyakar gani, bayan dabino jan dutse.

Tsaraba a nan ake saye. Dabinon yankin shi ne barni. A hunturu akwai lemo iri-iri daga gonakin kwarin. Akwai kuma man wata bishiya da ke fitowa a duwatsun, 'yar uwar zogalenmu ce, ana shafawa a jiki.

Faɗuwar rana da komawa

Saura minti arba'in rana ta faɗi, ku bar tsohon gari ku nufi Dutsen Giwa, arewa maso gabas da gari. Tsayinsa mita 52, iska da ruwa ne suka sassaƙa shi, ba hannun mutum ba, ga jiki ga hanci ya sauka har ƙasa. Da rana launinsa na ƙasa ne kawai, amma dab da magariba sai ya koma ja kamar garwashi. An haƙa wuraren zama a cikin yashi, ana sayar da shayi, wani lokaci ana sa kiɗa. Wanda ba ya so ya ɗan matsa gefe, fili ne mai faɗi. Rigar sanyin nan da ka yini kana ɗauka, yanzu za ta yi amfani.

Ku yi Magariba da Isha kafin ku kama hanya, a sake cika tanki, direba ya sha shayi. Haɗarin dare a wannan titi shi ne raƙuma da gyangyaɗi. Mutum ɗaya ya zauna gaba, aikinsa hira da direba da kallon gefen titi, a sauya shi bayan awa biyu. Idan direba ya ce zai tsaya ya runtsa na minti ashirin, kada wanda ya yi masa gaggawa. Wanda kuma aljihunsa zai ɗauka, ya kama ɗaki a sabon garin Al'ula tun kafin ya zo, ya kwana, ya taso bayan Asuba. In kun bar garin ƙarfe bakwai da rabi, da yardar Allah kafin sha biyu kuna hango hasken hasumiyoyin Masallacin Annabi.